Saranda: Daga Ina Muka Samo Ta?

Wani mai karatu daga Zariya ya tambaya: "Malam, kalmar saranda Hausa ce ko aro? Kakana tsohon soja ne, a bakinsa na fara jin ta."

Aro ce, ɗan'uwa, daga Turancin Ingila, surrender. Su ma Turawan ba gadonsu ba ce. Daga tsohon Faransanci suka karɓo ta a ƙarni na 15, inda aka haɗa sur, wato bisa, da rendre, wato mayarwa. Rendre ɗin kuma jikar Latin ce, reddere. A farko maganar shari'a ce, mutum ya mayar wa mai ƙasa filin da yake riƙe da shi. Daga nan ta kai ga wanda ya ba da kansa a hannun abokin gaba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko za su gane ta, domin har gobe Bafaranshe se rendre yake cewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda bakin Bahaushe ya sassaƙa ta. Baturen Ingila ba ya furta "r" ɗin ƙarshen kalma, kunnen kakanninmu kuwa "a" ya ji. Shi ya sa muke da direba, kafinta, lebura, tela, birkila, ga kuma saranda. Da Amurkawa ne suka yi mana mulkin mallaka, masu murza wannan "r" ɗin, da wataƙila wata siffar muka samu. Sannan a Turanci aikatau ce kuma suna ce, mu kuwa muka riƙe ta a suna kaɗai, muka jingina ta da "yi". Sai "ya yi saranda", ba wanda ke cewa "ya sarande". A ganina ta ƙofar bariki ta shigo, tare da saje da kofur da samanja da fareti, kuma kakanka shaida ne. Dakarunmu sun yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare da sarandar Japan a 1945.

Inda raina ke ɓaci shi ne yadda samari suka mai da ita gishirin kowace miya. Ɗalibi ya kasa lissafi, saranda. Mai neman aure an hana shi, saranda. Haba! Wanda aka ci da yaƙi miƙa wuya yake yi, kamar yadda Philip Effiong, jagoran Biyafara a ƙarshen yaƙin basasa, ya yi a gaban Gowon a barikin Dodan da ke Legas ranar 15 ga Janairun 1970. Mai taurin kan da aka lanƙwasa, saduda ya yi. Wanda gwiwarsa ta yi sanyi tun ba a kai ƙarshe ba, ya karaya ko ya sare. Wanda ya bar abu don kansa, ya haƙura. Mai jiran da ya gaji, ya fid da rai. Kowacce da mazauninta, amma an tattara su an cusa a buhu ɗaya.

Wata malamar makaranta daga Gusau tana son fassarar give up.

Duba jimlar tukuna, Malama. In taba aka bari, dainawa ce. In fata ne ya ƙare, yanke ƙauna.

Wani kuma ya ce, "ba da kai bori ya hau" saranda ce?

Kusa, amma ba ita ba ce. Wannan yarda ce bayan an sha ja-in-ja, ba lallai da bindiga a ka ba.

Daga Kumasi an tambayi ma'anar "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne". Ana faɗar ta ga wanda ya sassauto don biyan buƙata, in ya miƙe tsawonsa na nan. Don Allah a daina cewa "durƙusa wa yaro". Wada ne, gajeren mutum, kuma ba da shekaru ake auna shi ba.