Amsa ga Malam a Kano: yadda yaranmu na Hijaz suke koyon taswira a hadiƙa

Malam, mun ga tambayarka, muna kuma gaida ɗalibai. Ka ce an ba ka labari cewa yaran Hausawan Makka da Jidda suna yawo a wurin shaƙatawa da takarda a hannu suna neman alamomi, kana son sanin ko wasa ne ko karatu, da kuma ko zai yiwu a yi shi a filin makarantarku. Duka biyun ne, kuma zai yiwu.

Ba kowane gida ke yi ba, kada a kai maka labarin da ya fi abin. Al'adar da ta game kowa a nan ita ce fita hadiƙa, wato lambun shaƙatawa na unguwa, daren Alhamis ko yammacin Juma'a da Asabar, tunda su ne ranakun hutu a Saudiyya tun 2013. A shimfiɗa darduma a kan ciyawa, a ajiye fulas ɗin shayi, manya na hira yara na guje-guje. Wasan taswira a cikin wannan zaman yake shiga, kuma yawanci yayyen da suka yi kashshafa, wato sikawut, su ne ke kawo shi. Ƙungiyar sikawut ta ƙasar, wadda aka kafa a 1961, ta shahara da aiki guda lokacin Hajji: mayar da alhazan da suka ɓata zuwa tantunansu a Mina da Arfa. Wanda ya tashi yana ganin dattijo tsaye a tsakiyar Mina, tantuna duk farare iri ɗaya, bai san ta inda ya fito ba, ba sai an yi masa wa'azi kan amfanin sanin hanya ba.

Shi wasan kansa daga Turai ya fito. Sojojin Suwidin ne suka fara shi a ƙarshen ƙarni na 19, aka yi gasar farko ta farar hula a Norwe a 1897. A can daji suke shiga da gudu. Mu abin da muka ɗauka shi ne taswira, alama da ƙidayar taku.

Kafin komai sai mun warware wata matsala da Hausa ta haifar mana. A gida idan aka ce mutum ya fuskanci gabas, kowa ya san salla ake nufi. A nan maganar ba ta zama. A Jidda alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata kudu. A Madina kudu take. A Riyad tana yamma mai karkata kudu. A Makka kuwa ya danganta da unguwar da kake, masallacin wannan gefe yana kallon na wancan gefe. Don haka yaron da kakarsa ke ce masa "juya gabas ka yi salla" a Madina, in ba a raba masa kalmomin biyu ba, zai girma yana kiran kudu gabas, kuma duk taswirar da aka ba shi a karkace zai riƙe ta. Ko a Kano ma ba daidai suke ba: alƙiblarku tana wajen digiri 68 daga arewa, gabas ta ainihi kuma 90 ce. Larabcin ma yana da nasa tarkon. Shamal, arewa, da sharƙ, gabas, da harafi ɗaya suke farawa, ga kuma shimal da mutane da yawa ke faɗa suna nufin hagu. Tsofaffin mutanen Hijaz sun huta, Sham suke ce wa arewa, Yaman kuma kudu. Mu a taswirar yara haruffan Hausa muke sawa, A, K, G, Y, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Taswirar da hannu ake zana ta. A buɗe hoton sama na wurin a Google Maps, a ɗora farar takarda a kwafi iyakar filin da hanyoyinsa, arewa tana sama. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne santimita 1 a takarda ta zama mita 10 a ƙasa. Filin da ke da mita 200 a tsawo da 150 a faɗi zai zama santimita 20 da 15, ya zauna daram a takardar A4. Sannan dole a taka wurin da ƙafa a gyara, domin hoton kan tsufa: an cire benci, an dasa sabon dabino, an kewaye wani gefe da waya. Alamomin abubuwan da ke filin, a taswira, kada su wuce iri bakwai. Kore ga itace, rawaya ga fili, shuɗi ga famfo ko wurin ruwa, baƙi ga gini da benci da turken fitila, layi ga hanya. Wurin farawa ana yi masa alama mai kusurwa uku, kowane wurin da za a nema a kewaye shi da da'ira, wurin gamawa da'ira biyu ɗaya cikin ɗaya. Haka ake yi a gasar duniya, gara yaro ya saba tun yanzu. Kuskuren da masu zane suka fi yi shi ne zana duk itacen da ke filin. Idan darbejiya arba'in ce a jere, shafa kore wuri ɗaya ya wadatar, a keɓe guda biyu ko uku da suka fita daban.

Tutar gasa, wadda ake kafawa a kowane wurin da za a nema, fari da ruwan lemo ce, santimita 30 kowane gefe. Ta yi girma a hadiƙa, daga nesa za a hango ta ba tare da an duba takarda ba. Kwali mai santimita 15, an raba shi daga kusurwa zuwa kusurwa rabi fari rabi ruwan lemo, an ɗaura da zare daidai gwiwar babba, shi ya fi. A bayan kowane kwali a rubuta harafi ɗaya da yaro zai kwafa a katinsa, shaidar ya je. Kada haruffan su haɗu su ba da kalma. In suka ga B, I, S, M, sauran ba sai sun je ba, za su cike daga zaune. Kada kuma a rataya kalar kakin zuma a ce kowa ya shafa, zafin nan narkar da ita yake yi. Lambobi ma a tsaya a kan iri ɗaya. Yaranmu suna karatu da lambobin Larabci, inda biyar ke kama da sifilin boko, shida ke kama da bakwai ɗin boko, bakwai da takwas kuma in kati ya juya sai ɗaya ta koma ɗaya. Da na boko ma 6 da 9 haka suke, sai a ja layi a ƙarƙashinsu.

Wasan farko, na 'yan shekara biyar zuwa bakwai, a kan dardumar ake yinsa, kuma shi ne uwar sauran. A ajiye fulas a tsakiya, takalmi a kusurwa ɗaya, kofi biyu a wani gefe, a zana su a takarda kamar yadda tsuntsu zai gan su daga sama. A ba yaro takardar ya daidaita ta har takalmin zane ya kalli takalmin gaske. Sai a ce ya zagaya ɗaya gefen dardumar. Nan ake gane komai. Kusan kowane yaro zai juya da takardar tare da jikinsa, sai zane ya saɓa wa ƙasa. Abin da ake so shi ne takarda ta tsaya yadda ƙasa take, yaron ne zai zagaya ta, ko da rubutun zai koma masa a kife. A maimaita daga gefe huɗu, mako biyu ko uku, har hannunsa ya riƙa yi ba tare da ya yi tunani ba. Wanda ya tsallake wannan matakin, duk kamfas, wato na'urar nuna arewa, da za a saya masa asarar kuɗi ce.

Daga nan sai wasan robobi. Robar ruwa tara, a cika su da yashi don kada iska ta kayar, a jera uku-uku, taku huɗu tsakanin kowace biyu, kowace da lamba a gindinta. Kowane yaro a ba shi kati mai ɗigo tara da layin da ya bi ta kan biyar daga ciki. Ya bi layin, ya tara lambobin, ya kawo jimilla. Mai shiryawa yana da amsar kowane kati a aljihu. Yaro yana tafe babban yatsansa yana kan inda yake a takarda, in ya matsa yatsan ya matsa.

Na uku muna ce masa je-ka-dawo. Alamomi takwas zuwa goma, babu wadda ta wuce mita 100 daga darduma. Yara bibbiyu, a nuna musu da'ira guda kawai, su je su kwafo harafin su dawo, sannan a ba su ta gaba. Amfaninsa babba yana ganin kuskure tun yana ɗanye. Kowace ƙungiya a fara ta da lamba daban, a kuma sake su da tazarar minti ɗaya, in ba haka ba sai mai wayo ɗaya ya yi gaba sauran su bi shi kamar tumaki. 'Yan shekara goma zuwa sama ana ba su taswira mai alama goma sha biyu gaba ɗaya da minti 20: na kusa maki 10, na tsakiya 20, na nesa 30, duk minti ɗaya na latti a cire 10. Nan yaro ke koyon zaɓen hanya, da haƙura da alamar da lokaci ba zai kai ba.

Ƙidayar taku abu ne na yamma ɗaya. A auna mita 50 da igiya, yaro ya taka sau uku yana ƙirga duk saukar ƙafar dama kawai, a ɗauki na tsakiya a rubuta masa a bayan kati. A sake aunawa bayan wata shida, ƙafa tana tsawo.

Kamfas, da yaran nan ke kira busula, shi ne na ƙarshe. A sayi mai faffaɗan gindin roba da ake gani ta cikinsa, mai ruwa a gidan allura. Na jikin makullin mota ba ya aiki. A riƙe shi a kwance daidai cibiya, jan bakin allura shi ne arewa. Gwajin da muke yi: a ajiye kwabo a ciyawa, a saita digiri 40 a yi taku 20, a ƙara 120 ya zama 160 a yi taku 20, a ƙara 120 ya zama 280 a yi taku 20. Wanda ya yi daidai zai dawo kan kwabonsa, ko kusa da shi da taku ɗaya ko biyu. Wanda ya tsinci kansa can nesa, ɗayan uku ne: ya karkata kamfas allura ta maƙale, ko a ɗaya daga cikin tafiyoyin uku ya bi farin baki maimakon ja ya tafi baya, ko yana kusa da ƙarfe. Hadiƙa cike take da ƙarfe, turken fitila, shingen waya, lilo, ga wayar salula a aljihu. A matsa taku biyar daga gare su. Kuskuren digiri 5 kaɗai, a tafiyar mita 100, yana kautar da mutum kusan mita 9.

Akwai kuma sanda da inuwa. A kafa sanda mai tsawon mita 1, a sa dutse a bakin inuwarta, a jira minti 20 a sa wani. Dutsen farko yamma, na biyu gabas, kuma ya fi daidai kusa da tsakar rana. Amma abin da littattafan Turai ke cewa inuwar azahar kullum arewa take nunawa, a ƙasarsu ne. A Makka daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ta arewa take bi, inuwa ta faɗi kudu. A Kano hakan ya fi daɗewa, daga ƙarshen Afrilu har cikin Agusta.

Batun tsaro ba ma sassauci. Lokacinmu daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu ko Maris, bayan la'asar, domin da bazara Makka tana haura digiri 40. Babba ɗaya ga yara shida, kowane yaro da rabin litar ruwa, kowace ƙungiya da usur. Iyakar wasa ita ce shingen hadiƙa, ba a tsallaka titi ko da alama ta faɗa can. Ana tashi minti 15 kafin magariba, duhu a nan ba ya sallama. Yaran da suka tasa, mata da maza ana raba musu lokaci ko gefe, iyaye mata da yayye su ke kula da 'yan mata. A gaya wa haris, wato maigadi, tun kafin a rataya komai, kada a buga ƙusa a itace, kada kuma a rataya kwali fiye da rabin awa kafin a fara, masu shara da yaran wasu gidaje za su kwashe. Dokar da ake nanatawa ita ce wanda ya rikice ya tsaya inda yake ya busa usur. Ita ce dai dokar Harami: yaro ya haddace lambar ƙofar da aka shiga, Ƙofar Sarki Abdul'aziz ce mai lamba 1 ko ta Sarki Fahad mai lamba 79, in ya rabu da iyaye kada ya shiga nemansu cikin taro.

A wajenku filin makaranta ko filin idi ya isa, dogon yaro da rijiya da tankin ruwa su zama alamomi. Yaranmu suna daidaita kansu da teku a Jidda, wanda kullum yana yamma, da Uhudu a arewacin Madina, da doguwar hasumiyar agogo a Makka. Ku kuna da Dala da Goron Dutse, sai dai hazon hunturu yana ɓoye su, a ranakun nan a dogara da abin da ke cikin fili. Ga kuma darasin da ku za ku fi mu morewa: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsaye cak a saman Ka'aba. A Makka sanda ba ta da inuwa a wannan lokacin. A Kano kuwa, in ba hadari, a kafa sanda a miƙe, a tsaya a bakin inuwarta a kalli sandar, wannan ita ce alƙibla. A ja layin a ƙasa da toka, a ɗora kamfas a kai, yara su karanta lambar da kansu su ga ko 90 ce.