Kalmar da ka jefe mu da ita ta yi nauyi

Ɗana, saƙonka ya iso Kumasi. Ka ce mu mutanen zango mun zama callous, tunda an yi rasuwa a Kano ba wanda ya zo gaisuwa. Boko ya yi rana, amma ka ɗauko kalmar da ta fi ƙarfin laifin.

Asalinta daga Latin ne, sunan fatar da ta yi kanta, kamar tafin hannun manomi. Bature ba ya kiran mutum da ita don ya manta ko ya yi sakaci, wannan careless ne. Wanda abu bai dame shi ba, mai cewa ko oho, shi ne indifferent. Callous kuwa sai wanda ya ga ɗan'adam cikin wahala ido da ido, zuciyarsa ta ƙeƙashe. Shi ya sa za ka ji ta a bakin alƙali yana yanke wa mai kisa hukunci.

In misali kake so, ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana. Kakata har ta rasu tana ba da labarin maƙwabtan da suka sayar da gida a kuɗin banza, wasunsu nan aka binne cibiyarsu. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori 'yan Ghana, sai ka tambayi manyanku yadda aka yi. Mu da kakanninmu suka zo fataucin goro tun zamanin kasuwar Salaga, kowace kora mu take fara shafa.

Na san abin da ke ƙarƙashin maganarka: auren Asante, ƙabilar nan ta Kumasi. Ƙanena ya auri 'yarsu, ta musulunta, 'ya'yanta suna zuwa makarantar allo a Aboabo. Su Asante ta wajen uwa suke lissafin dangi, mu ta wajen uba, don haka yaran nan gida biyu ke ja. Kuna yi mana dariya muna ce wa mace "ya zo". To, haka bakinmu ya juya, amma da wannan Hausar ake wa'azi da ciniki daga unguwar Nima ta Accra har Tamale.

Maganar rasuwa kuwa, mun yi sadakar uku a nan, an sauke Alƙur'ani, an raba waina. Kuɗin mota ne ya gagara, ga iyakar Togo da ta Benin a hanya. Ku ma da mahaifina ya rasu, waya kuka bugo, ba mu ce komai ba.