Amsa ga ɗana kan rubuta nasabar gidanmu a kwamfuta

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka ɗora manhajar Gramps a kwamfutarka domin ka tattara danginmu wuri guda, amma gurbin sunan iyali ya tsayar da kai, sannan kana tambaya ko ya dace ka fara daga kakan nan namu da ake cewa ya zo daga Barno, da kuma inda za ka sa waɗanda aka riƙa a gidanmu. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka rubuta.

Ka fara da kanka, sai mahaifinka da mahaifiyarka, sai iyayensu, kana hawa sama gwargwadon abin da ka tabbatar. Labarin zuwa daga Barno mun gaje shi a baki, kuma gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da irinsa, saboda haka ka ajiye shi a wurin ƙarin bayani tare da sunan wanda ya faɗa maka, kada ka ƙirƙiri mutane don cike tazarar da ke tsakaninsa da kakan da muka sani.

Waɗanda suka tsara irin wannan manhaja sun saba da suna guda da zuriya ke gado, mu kuwa mutum da sunan ubansa ake kiransa, idan ana son bambancewa a ƙara na kaka. Sunayen garuruwa da kake gani, irin su Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, yawanci rajistar makarantar boko da aikin gwamnati ne suka kawo su. Don haka ka sa wa kowa sunan mahaifinsa a wannan gurbi, manhajar ma tana ba da damar a nuna cewa sunan uba ne. Mace kuma ta ci gaba da amsa sunan mahaifinta ko da aure nawa ta yi.

Inda za ka sha wuya shi ne sunan yanka. Tsohuwar da duk unguwa ta sani da Ladidi ko Asabe, wataƙila Hauwa'u aka raɗa mata ranar suna, kuma yaron da aka yi wa kakansa takwara ya tashi ana ce masa Abba har shi kansa ya kusa manta cewa Muhammadu ne. Ka rubuta duka biyun, na yanka a gaba, laƙabi a gurbinsa, domin idan Muhammadu huɗu suka haɗu a gida ɗaya laƙabin ne zai raba maka su. Sai dai ka kiyaye alkunya. Kada ka zauna gaban dattijuwa da waya a hannu kana matsa mata ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Za ta sunkuyar da kai ta ce "Malam" ko "wannan yaron", kuma ba mantuwa ta yi ba. Ka tambayi ƙanwar mijin ko wata jikar da ke wasa da ita.

Batun riƙo shi ne ya fi damuna. Yaro yakan tashi a hannun baffansa ko goggonsa tun daga yaye, ya shiga makaranta da sunan mariƙinsa, har takardunsa duka su ɗauki wannan suna. Idan ka kwafi abin da ke takarda ka ɗaura shi a ƙarƙashin mariƙin a matsayin ɗan cikinsa, ka sauya masa nasaba, alhali aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira mutane da sunayen ubanninsu, kuma gado da waliccin aure duk a kan haka suke. Manhajar tana bambanta ɗan haihuwa da ɗan riƙo da agola, sai ka haɗa shi da iyayensa na asali, sannan ka nuna gidan da ya tashi. Haka nan shayarwa: duk wanda aka tabbatar ya sha nonon wata mace a danginmu, ka rubuta a bayanin su biyun, tunda tana haramta aure, ga shi kuma muna yawan auren zumunci. Auren zumuncin nan zai sa mutum ɗaya ya fito maka ta wajen uwa da ta wajen uba. Sau ɗaya za ka shigar da shi, ka haɗa shi da ɓangarorin biyu.

Kowace mata ka buɗe mata aurenta daban da 'ya'yan ɗakinta, har wadda ta fita da wadda ba ta haihu ba, da jariran da suka rasu bayan suna.

Shekarun haihuwa kuwa, tsofaffinmu da abin da ya faru suke lissafi. Wanda aka ce an haife shi shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, 1956 ke nan. Shekarar canjin kuɗi zuwa naira, 1973. Rasuwar Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero, 1953. Ka sa alamar cewa ƙiyasi ne, ka kuma rubuta maganar yadda aka faɗa maka. Idan ka sami kwanan wata na Hijira a bangon wani littafin malam, manhajar tana karɓarsa a haka.

Bayanan rayayyu, musamman na mutuwar aure da riƙo, kada ka ɗora su a intanet ba da izinin masu su ba. Ka riƙa fitar da kwafi a tsarin GEDCOM, wato nau'in fayil da manhajojin nasaba daban-daban ke iya buɗewa, kana ajiyewa a wani wuri daban. Idan ka zo hutun sallah, ka fara da goggonka babba, domin ta fi ni sanin ɓangaren mata nesa ba kusa ba, kuma ka je mata da safe, da goronka a hannu. Ka gaida mutanen gida.

Baffanka.