Tambayi Likita: Wai jikin Baba ne ya saba da magani?

TAMBAYA: Salam Likita, barka da aiki. Babanmu ne aka yi wa aikin mafitsara, yau kwanansa 19 a asibiti da robar fitsari a jikinsa, zazzaɓi ya ƙi sauka duk da allurar seftiriyakson da ya sha har hannunsa ya kumbura wajen kanula. Sai aka kai fitsarinsa lab, takarda ta dawo an rubuta Enterokokus, a gaban sunayen magunguna kuma R R R kusan duk layin, S biyu ne kacal. Yayana ya ce jikin Baba ne ya saba da magani, Gwaggo kuma ta ce a sallamo shi a koma na gida. Dan Allah mene ne wannan abin, kuma mu masu jinya za mu iya ɗauka?
Daga wata 'yar uwa a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma sannunku da jinya.

Ki gaya wa Yaya jikin Baba ba ruwansa, ƙwayar cutar ce ta yi taurin kai. Enterokokus ɗin nan ba baƙuwa ba ce, tana nan cikin hanjin kowa, ni da ke, zaune lafiya. Sai ta samu ƙofa, robar fitsari ko kanula ko wajen ɗinki, a jikin wanda ciwo ya riga ya galabaitar, toh nan take zama bala'i. Ita kuma seftiriyakson da danginta dama can ba sa cinta, haka halittarta take, abin da ma ke faruwa shi ne allurar ta kashe sauran ƙwayoyin hanji ta bar mata fili ta baje kolinta. Wallahi abin nan yana damuna, yadda muke kai hannu kan allurar nan da an ji jiki da zafi tun kafin a yi awo.

R ɗin da kika gani na nufin maganin ba ya kashe ta, S kuma yana kashe ta, dan haka S biyun nan su ne abin riƙewa. Ki sake duba takardar, Enterokokus iri biyu ne suka fi damun asibitoci, Fekalis da Fesiyum. Fekalis yawanci maganin ampisilin na cinta har yanzu. Fesiyum ce mai kunnen ƙashi, ampisilin ba kasafai yake mata komai ba, wata ma har bankomaisin da ake ajiyewa dan irin wannan ranar ta fi ƙarfinsa. A 1988 aka fara ba da rahoton haka daga Ingila da Faransa, a 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin ƙwayoyin da ake matuƙar buƙatar sabon magani a kansu. In an kai nan sai irin su linezolid, ga tsada, kuma in za a jima ana sha sai ana awon jini.

Ki samu likitansa cikin ladabi ki tambaye shi, ranka ya daɗe robar nan har yanzu ana buƙatarta? Saboda ƙwayar tana yin wani yauƙi ta manne a jikin robar inda magani ba ya ratsawa sosai, sau da yawa sai an cire ko an canza ta kafin a ga sauƙi. Tunda zazzaɓin ya ƙi sauka ki tambaya ko za a yi awon jini shi ma, dan in ta shiga jini tana iya kama zuciya. A ba Gwaggo haƙuri kar a sallamo shi yanzu, kar kuma wani ya je kemis ya sayo Ampiclox ya ba shi a ɓoye.

Ku masu lafiya da wuya ta kwantar da ku, amma hannunku na iya kai ta gadon maƙwabci, kuma tana yin makonni a raye a jikin ƙarfen gado. Na sha ganin mai jinya ta zubar da ledar fitsari ta ɗauraye hannu da ruwan buta kawai ta dawo tabarma aka sa hannu a kwano ɗaya. Sabulu za ki sa, kafin ki taɓa Baba da bayan kin taɓa shi. Ledar kuma a rataye ta ƙasa da ƙugunsa, kar ta taɓa ƙasa, fo ɗinsa da butarsa su zama nasa shi kaɗai har a sallame ku.