Kun Tambaya: Farfesa Nok, Sammore, da Sinadarin da ke Cinye Jinin Shanu

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan aikin marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Mun haɗa masu kama da juna, muka kai wa malaman kimiyyar sinadaran jiki da likitocin dabbobi da ke amsa tambayoyi a wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce Farfesa Nok ne ya gano abin da ke kawo ciwon barci. Gaskiya ne? (Malamin sakandare, Kafanchan)

Wa alaikumus salam, Malam. An ɗan ƙara wa maganar gishiri. Ƙwayar cutar, wato tiripanosoma, wadda danginta ke jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga dabbobi, an daɗe da saninta: tun 1895 David Bruce ya gan ta a jinin shanu a kudancin Afirka, kuma a 1903 aka danganta ciwon barci da cizon ƙudan tsando. Tambayar da Nok ya bi daban ce. Me ya sa dabbar da ta kamu da sammore jininta ke ƙarewa, alhali ƙwayar ba ta shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini kamar yadda ta zazzaɓin cizon sauro ke yi?

An haife shi a 1962, ɗan Nok ne a ƙaramar hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, kuma a Zariya ya yi digirinsa na farko da na biyu da na uku. Ya tarar da tushe a gida, domin tun 1982 K.A.N. Esievo da abokan aikinsa a tsangayar likitancin dabbobi suka nuna cewa wani sukari da ke lulluɓe da bayan jajayen ƙwayoyin jini, siyalik asid, yana raguwa a jikin shanun da suka kamu da Trypanosoma vivax. Nok ya bi sawun abin da ke yanke sukarin, wani enzayim da ake kira siyalides. Enzayim furotin ne da ke hanzarta aiki guda ɗaya tak a jiki ba tare da shi kansa ya ƙare ba. A 2003 shi da E.O. Balogun suka buga sakamakon gwaji a kan ɓerayen da aka sa wa Trypanosoma congolense: yayin da ƙwayoyin ke yawaita, aikin siyalides na ƙaruwa, sukarin da aka yanke na taruwa a ruwan jini, jinin kuma na sauka. Aikinsa a kan wannan enzayim da ƙwayar gadon da ke samar da shi ne ya kai shi ga lambar yabo ta kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009. A 2013 gidauniyar Humboldt ta Jamus ta ba shi lambar Georg Forster, ya kuma yi aiki da ƙungiyar Sørge Kelm a Jami'ar Bremen. Ya taɓa wasu fannonin ma, irin su dafin kasa da na kumurci, da tasirin sinadarin tafarnuwa a kan tiripanosoma. Ya riƙe kwamishinan lafiya sannan na ilimi a Kaduna, ya rasu a Nuwamba 2017.

Tambaya: Shanuna da suka dawo daga kudu sun rame, cikin idonsu ya yi fari fat, suna ta hawaye. Na yi musu allura sau biyu ba su murmure ba. Ina jinin yake tafiya? (Makiyayi, Kachia)

Allah ya ba su lafiya, Baba. Jinin ba zuba yake yi ba, jikin saniyar ne da kansa ke cinye shi. Wancan sukarin da ke bayan jar ƙwayar jini shi ne shaidar da garkuwar jiki ke gani ta ƙyale ta. Siyalides na yanke shi, wani sukarin da ke ƙarƙashinsa mai suna galaktos ya fito fili, sai fararen ƙwayoyin da ke tsaron hanta da saifa su ɗauka tsohuwar ƙwaya ce su haɗiye ta. Ƙwayar da ya kamata ta yi kusan wata biyar tana aiki sai ta halaka da wuri, ɓargo ya kasa cike gurbi. Ba wannan kaɗai ke jawo ƙarancin jinin ba, amma yana cikin manyan dalilai. Binciken Zariya ya kuma nuna shanun Ndama, masu jure sammore, sun fi irin Bunaji wannan sukarin nesa ba kusa ba.

Kafin allura ta uku, a auna jini. Likita zai ɗiba daga jijiyar kunne cikin siririn bututun gilashi, ya juya shi a inji minti 5. Saniya mai lafiya jajayen ƙwayoyinta kan kai kashi 24 zuwa 46 cikin 100, ƙasa da 24 kuwa akwai matsala. A farin layin da ke tsakanin jan jini da ruwansa ake ganin ƙwayoyin cutar suna motsi a madubin likita. Awon na da muhimmanci saboda tsutsar ciki da tsutsar hanta da cututtukan kaska duk suna sa ido ya yi fari, kuma maganin sammore ba ya kashe tsutsa.

Idan sammoren ne, yawanci a wajen awon magani ake faɗuwa. Ƙaramin ƙunshin maganin sammore na diminazin, irin su Berenil, mai giram 2.36, ana narka shi a ruwa mai tsabta mililita 12.5, ya ba da mililita 15. Mililita 1 na kilo 20 ne na nauyin dabba, don haka ƙunshi ɗaya na saniya ɗaya ce mai kilo 300, a yi shi can cikin tsoka. Wanda ya raba ƙunshin wa shanu uku ya kashe raunanan ƙwayoyin ne kawai, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Sai kuma jabun magani da ya cika kasuwannin kara. In an yi daidai amma cutar ta dawo cikin sati biyu ko uku, a sauya zuwa isometamidiyam, wato Samorin, bisa awon likita, kada a yi ta maimaita na farko. Ko magani ya ci, jini na ɗaukar makonni kafin ya dawo, sai da abinci mai kyau da hutu. A duba kwanakin da takardar maganin ta hana shan nono da yanka. Masu raƙuma a Nijar da Sakkwato su kiyaye, diminazin na iya kashe raƙumi, haka ma kare.

Tambaya: Tunda an gano enzayim ɗin, me ya hana a yi allurar rigakafi? (Ma'aikaciyar jinya, Maraɗi)

Malama, nan ne gizo ke saƙa. Tiripanosoma na sanye da riga ta furotin iri ɗaya, kwafi kusan miliyan 10 a jikin kowace ƙwaya, ana kiranta VSG. Garkuwar jiki kan ɗauki kusan mako guda kafin ta ƙera antibodi, wato furotin da ke kama ƙwayar cuta, wanda ya dace da rigar. Kafin nan wasu 'yan ƙalilan sun sauya wata rigar, kamar ɓarawon da ke canza kaya a kowace kwana, kuma Trypanosoma brucei na da ƙwayoyin gado na rigar har kusan 2,000 da take harhaɗawa. Shi ya sa zazzaɓin ke tashi yana sauka. Ƙari a kan haka, ƙwayar na share antibodin da ya manne mata ta haɗiye shi, tana kuma lalata ƙwayoyin garkuwar da ke riƙe tunin cuta, waɗanda su ne jarin kowace rigakafi.

Dabarar su Nok ita ce a bar rigar, a nemi abin da ba ya sauyawa. Ko ba a kashe ƙwayar ba, in aka toshe siyalides saniya za ta riƙe jininta ta ci gaba da ba da nono. Tunanin na da madafa, domin maganin mura Tamiflu enzayim na wannan dangi yake toshewa a jikin ƙwayar mura. Sai dai na tiripanosoma ba guda ɗaya ba ne. Aikin da aka yi da Bremen, wanda aka buga a 2013, ya nuna T. congolense na da dangin enzayim ɗin da dama, ƙarfin aikinsu ya bambanta, kuma toshe ɗaya ba ya tsayar da saura. Har yau babu rigakafin sammore a kasuwa. A 2021 masu bincike a cibiyar Sanger ta Ingila sun kare ɓeraye daga T. vivax da wani furotin na jelar ƙwayar, amma ɓera ba saniya ba ce.

Tambaya: Ana cewa malami na da takardu ɗari kaza. Da yawan takardu ake gane tasirinsa? (Ɗalibi, Kano)

A'a. Ma'aunin da aka fi ambata shi ne h, wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005: mai h 30 yana da takardu 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Cikin shafukan da ke ƙirga ambato, Google Scholar kan ba da adadi sama da na Scopus don yana ƙirga har kundayen ɗalibai, saboda haka kada ka gwada na wannan da na wancan. Mai binciken cutar da duniya ta yi watsi da ita kuma ba zai taɓa tara ambato kamar mai binciken sankara ba. Mu abin da muke dubawa shi ne ko wasu da ba su da alaƙa da mutum sun gwada maganarsa ta tsaya. A 2012 wata ƙungiya a Bordo ta Faransa ta nuna da nata gwajin, kamar yadda Nok ya faɗa, cewa siyalides na da babban hannu a ƙarancin jinin da T. congolense ke jawowa. Wannan ya fi ambato ɗari.

Tambaya: Ina digiri na biyu, ina auna aikin siyalides da hanyar TBA (sinadarin da ke ba da launi in akwai siyalik asid), amma sakamakona kusan sifili ne kullum. Ina kuskuren? (Ɗaliba, Samaru)

'Yar'uwa, fara daga raba tiripanosoma da jini. Hanyar Lanham da Godfrey ta 1970 ita ce a zuba jinin a kan matatar DEAE-selulos da ruwan fosfet mai gishiri da gulukos a pH 8.0. Jajayen ƙwayoyi na mannewa saboda cajin da siyalik asid ke ba su, tiripanosoma su wuce. In ruwan da ke fita ya yi ja-ja, ƙarfin gishirin bai dace da jinin dabbarki ba, kuma wannan jinin zai ɓata miki awo.

Na biyu, enzayim ɗin a manne yake da fatar ƙwayar. In kika fasa ƙwayoyin da daskarewa kawai, kika juya, kika zubar da abin da ya kwanta, kin zubar da shi. Sa Triton X-100, mai narka fatar ƙwayar, kaɗan, kada ya wuce kashi 1 cikin 100. Yi komai a kan ƙanƙara, ki kuma sa E-64 ko liyupeptin, masu hana narkewar furotin, domin T. congolense na da enzayim mai narka furotin da zai cinye naki kafin ki auna. PMSF, wani mai hana narkewar furotin, shi kaɗai bai isa ba. Raba samfurin a ƙananan kwalabe tun ranar farko. Firizar da wuta ke ɗaukewa ta narke ta sake daskarewa tana kashe enzayim ba tare da kin ga alama ba.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa. TBA sukarin da ke yawo sake kawai take gani. Yawancin enzayim ɗin nan kuwa ba yankewa su yar suke yi ba, ɗauka suke su liƙa wa wani sukarin. In akwai laktos ko ruwan jini a cakuɗinki, enzayim na aiki amma awo zai nuna babu komai. Yi amfani da fetuwin zalla, furotin mai ɗauke da siyalik asid, a zafin digiri 37 da pH tsakanin 6 da 7, ki ɗibi samfur a minti 15, 30 da 60 don ki ga layin na hawa a miƙe. Karanta launin a nanomita 549. Ajiye kwalba ɗaya da enzayim ɗin da aka tafasa, wata kuma da siyalik asid da kika san yawansa. In wannan ta biyun ba ta yi ruwan hoda ba, matsalar a sinadaranki take, galibi feriyodet da ya kwana biyu, sai ki haɗa sabo. In sashenku na da injin auna ƙyalli, MU-NANA, sinadarin da ke ƙyalli in siyalides ya yanke shi, ta fi TBA gani nesa: a haska a nanomita 365, a karanta a 450, bayan an tsayar da aikin da ruwa mai pH 10 ko sama.