Bugambiliya ta ƙi fure, wardi yana ƙonewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a unguwar Zariya, cikin garin Maradi. Na dasa bugambiliya a gindin katanga da wardi a cikin tukwane, ina ba su ruwa safe da yamma, ina kuma zuba musu takin ure. Bugambiliyar ta yi ganye shar har ta haye katanga, amma ba ta fure, wardin kuwa da zarar bazara ta shigo sai ya ƙone. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bugambiliyarki lafiyarta ƙalau, gata ne ya yi mata yawa. Wannan shuka asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma ɗabi'arta ita ce idan ta samu ruwa da taki a wadace sai ta duƙufa wajen fitar da ganye da rassa, ba ta waiwayar fure sai ta ɗan ji ƙishirwa. Takin ure kuwa, wanda kashi 46 cikin 100 nasa sinadarin naitirojin ne, aikinsa ƙara ganye, shi ya sa manomi yake zuba wa gero da masara, amma a gindin bugambiliya ɓarnar kuɗi ce kawai. Ki daina zuba shi gaba ɗaya. Ki kuma rage ban ruwa, ta yadda ba za ki sake shayar da ita ba sai kin tura yatsa cikin ƙasa kin ji ta bushe, wanda ga shukar da saiwarta ta riga ta kama yakan kai mako guda. Idan kika ga ganyen ya ɗan langaɓe da tsakar rana, kada hankalinki ya tashi.

Sai ki duba ko katangar tana tare mata rana, domin tana bukatar aƙalla awa 6 na hasken rana kowace rana. Kuma da yake a kan sabon toho take fure, duk lokacin da ta gama yayinta sai ki datse kawunan rassan, ki kula da ƙayarta. Idan kin matsa kusa za ki ga cewa jan nan da ake sha'awa ganye ne siriri kamar takarda, furen gaskiya kuwa ƙanana ne farare, guda uku a tsakiya.

Batun wardi dabam ne, kuma gaskiya ba ɗan ƙasar nan ba ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maradi yakan wuce maki 40, tukunyar roba ko gwangwani da aka bari a rana tana dafa saiwa tun kafin la'asar. Ki mayar da shi tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ki shimfiɗa tsingaro a ƙasanta don ruwa ya riƙa tsiyayewa, ki ajiye ta inda rana take samunta da hantsi, inuwa kuma ta rufe ta da azahar. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, don haka ki haɗa kashi biyu na rairayi da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen kashin tumaki, ki ƙara ƴar laka irin ta fadamar Gulbi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Ɓawon gyaɗa a bakin tukunya yana riƙe danshi, sai dai yana gayyato gara, saboda haka a riƙa ɗaga shi ana dubawa. Duk da wannan hidima, lokacin ɗari ne kawai, daga Disamba zuwa Fabrairu, wardi zai nuna miki kyansa.

A ganina, wadda take son tsakar gidanta ya yi launi duk shekara gara ta koma ga masu jure rana. Shukar kariya tamu ce ta Sahel, tana adana ruwa a kumburarren gindinta, tana kuma fure jaja-jaja da rani, lokacin da ta kakkaɓe ganye kowace shuka tana neman agaji. Ziniya ana shuka irinta da faɗuwar damina, cikin kamar wata biyu ta fito da ja da rawaya da fari, a riƙa zuba mata ruwa a gindi ba a kan ganye ba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ya ishe su, amma ban da mai omo ko jabel, wato bilic.

Tambaya: Ni magidanci ne a Tsibiri, ina da ƙananan yara da awaki. An ba ni dashen wata shuka mai dogayen ganye da fure ruwan hoda, aka ce loriye ros ake kiranta. Shin in dasa ta a tsakar gida?

Amsa: Malam, kada ka dasa ta. Ganyenta da furenta da ƙirarenta duk guba ne mai taɓa zuciya, ganye kaɗan yana iya kashe akuya, ko busasshe ne, kuma ba a hura wuta da itacenta. Kariyar da na yaba a sama ma ruwan jikinta dafi ne, don haka a gida irin naka sai dai a ɗora ta a inda hannun yaro da bakin dabba ba sa kaiwa. Ka dasa lalle a jikin katanga, furensa ƙanana ne amma ƙamshinsa yana cika gida, uwargida kuma ta samu na ƙunshi. Sai ka kewaye dashen da ragar waya ko ƙaya har ya fi ƙarfin awakin.