Ɗan kwangila bai gama shinge ba, shanu sun shiga lambu: wa zai biya?

Tambaya: Malam, na ba wani kwangilar zagaye lambuna da waya mai ƙaya a kan naira dubu 600, na ba shi dubu 400 kafin alƙalami. Ya yi gefe uku ya tafi wani aiki. Da tsakar dare shanu suka shiga ta gefen da ya rage suka tattake min albasa. Ya halatta in riƙe cikon kuɗinsa a madadin asarata?

Amsa: Allah Ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Na ga zafin da kake ciki, amma wanda ka kama shi ne wanda ya fi kusa da hannunka, ba wanda shari'a ta kama ba. Hukuncin yana rataye ne a kan kalmarka "da tsakar dare".

Ɗan kwangila ya saɓa alƙawari, kuma laifi ne. Kana da damar tilasta shi ya ƙarasa, ko ka cire kuɗin gefen da ya bari ka ba wani. In gefunan daidai suke, aikinsa ya kai dubu 450, yana binka dubu 50. Amma ba shi ya ci albasar ba, ba kuma gadi ka ɗauke shi ba. Sai fa in shi ya rushe tsohon darninka ya bar wurin a buɗe, to nan da hannunsa a ɓarnar.

Biyan yana kan mai shanu. Da taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga wani lambu, Annabi (SAW) ya hukunta cewa masu lambu su tsare shi da rana, ɓarnar dare kuwa masu dabbobi ke biya. Haka Malik da Shafi'i suka tafi, haka yake a Risala.

Za ka ji masu kawo ra'ayin Abu Hanifa cewa dabbar da ba kowa tare da ita ɓarnarta ba ramuwa, bisa hadisin "al-ajma'u jubar", wato ɓarnar dabba ba a biyanta. Hadisin ingantacce ne, amma gamamme ne, na taguwar Bara'u kuwa a kan gona ya zo takamaimai, shi ake gabatarwa. Masu cewa an shafe hadisin taguwar ba su kawo abin da ya nuna wanne ya riga wanne ba. Ga kuma aya ta 78 a Suratul Anbiya, hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana: kalmar "nafashat" kiwon dare take nufi, kuma dukansu biyun biya suka ɗora wa masu tumakin. Da dare manomi barci yake, makiyayi ne ke da ikon ɗaure dabbarsa a turke.

Ka je wurin mai unguwa da arɗo, a samo masana albasa su ƙiyasta ta yadda take a ranar, ana lura da tana iya yi ko ta lalace. Kada ka sari dabba, kada ka zuba guba, kada ka jona lantarki a jikin wayar shingen; in rai ya salwanta, kai za a kama. Ka kuma duba gefen nan na huɗu da kyau, in burtali ne ko ka ci iyakar maƙwabci, ja da baya kafin a kafa dirka.

Wanda zai ƙarasa aikin, ku rubuta komai gaban shaidu: layin waya nawa, taku nawa tsakanin dirka da dirka, ranar gamawa. A shafe gindin dirkokin da baƙin mai saboda gara, ka dasa bini-da-zugu ko dashi a jikin wayar da damina.

Wallahu a'alam.